Samuel Ajayi Crowther: Yaron Da Aka Musanya Da Doki, Ya Zama Bishop

Wata safiya a farkon shekarar 1821, mutanen garin Osogun, da ke yankin Iseyin a jihar Oyo ta yanzu, suna shirin karin kumallo sai labari ya iso cewa mayaƙa sun kewaye ganuwa. Kafin rana ta take, an ci garin, an cinna wa gidaje wuta. Cikin waɗanda aka ɗaure da igiya a wuya har da wani yaro mai suna Ajayi, ɗan kimanin shekara 12, tare da mahaifiyarsa da ƙannensa mata biyu. Mahaifinsa ya shiga gida ya ce musu su gudu, ya koma bakin daga, kuma daga ranar ba a ƙara ganinsa ba.

Zamanin na rikici ne. Daular Oyo, wadda ta daɗe tana riƙe da ƙasar Yarabawa, ta fara rugujewa tun bayan tawayen da Afonja ya jagoranta daga Ilorin, wanda bayi Hausawa da Fulani da Musulmin Yarabawa suka mara wa baya a 1817. Rundunonin da suka fito daga wannan hargitsi sun riƙa kai hari gari bayan gari, suna kama mutane suna sayarwa, domin a bakin teku Turawan Fotugal na jira da jiragensu. Shi kansa Ajayi, da ya rubuta labarinsa daga baya, ya bayyana cewa waɗanda suka ci garinsu Musulmin Oyo ne da Fulani, mafi yawansu kuma suna jin harshen da yake ji. Ya kamata a riƙe wannan a zuciya, domin rabin rayuwarsa ta gaba a tsakanin Musulmi ya yi ta, kuma ba da ƙiyayya ya je musu ba.

A Iseyin aka raba ganima. Wanda Ajayi ya faɗa hannunsa ya musanya shi da doki, amma bayan wata biyu dokin bai gamsar ba, sai aka mayar da ciniki, aka dawo da yaron. An raba shi da mahaifiyarsa, aka kai shi kasuwar Ijaye, wata mata ta saye shi. Daga nan ya yi ta wucewa daga hannu zuwa hannu, wani lokaci a musanya shi da taba, wani lokaci da barasa. Da ya ji ana maganar kai shi bakin teku a sayar wa Turawa, tsoro ya kama shi har ya yi yunƙurin shaƙe kansa da ɗamarar da ke ƙugunsa, amma ya kasa ƙarasawa. A ƙarshe aka kai shi Ikko, wato Legas, aka sa masa sarƙa, aka loda shi da wasu bayi 186 a wani jirgin Fotugal mai suna Esperança Feliz.

Jirgin bai yi nisa ba. A ranar 7 ga Afrilu, 1822, jiragen yaƙin Ingila biyu, Myrmidon da Iphigenia, waɗanda ke sintirin hana fataucin bayi tun bayan dokar 1807, suka tare shi. Bayin ba su san ceto ne ya zo ba, sun ɗauka sabbin iyayengiji ne suka ƙwace su. Da aka hau da Ajayi jirgin Myrmidon ya ga naman alade a rataye da tarin harsasan igwa a gefe, sai ya zaci naman 'yan'uwansa ne da kawunansu. Sai da ya ga kofato a jikin naman, ya taɓa harsashin ya ji ƙarfe ne, sannan hankalinsa ya kwanta. A watan Yuni na shekarar aka sauke su a Freetown, ƙasar Saliyo.

Saliyo ta wancan lokaci matattara ce ta mutanen da aka tumɓuke daga tushensu. Yarabawa da Ibo da Hausawa da Nufawa da Barebari da wasu ƙabilu masu yawa, kowa an zube shi a ƙasar da bai sani ba, ba dangi, ba sarki, ba wurin bautar da ya gada. Wanda ya tsinci kansa a irin wannan hali dole ya sake neman amsar ko shi wane ne. Wasu sun riƙe Musuluncin da suka zo da shi, wasu sun farfaɗo da bautar gargajiya, da yawa kuma sun shiga makarantun ƙungiyar mishan ta cocin Ingila, wadda aka fi sani da CMS. Ajayi yana cikin na ƙarshen. A ƙauyen Bathurst aka ajiye shi, kuma cikin wata shida ya iya karanta Sabon Alkawari da Turanci, ya kuma koyi aikin kafinta. A ranar 11 ga Disamba, 1825, Rabaran John Raban ya yi masa baftisma, ya ɗauki sunan Samuel Crowther, sunan wani limamin coci na Landan da ke cikin shugabannin ƙungiyar.

Abin da ya fahimta game da rayuwarsa a lokacin shi ya riƙe har mutuwa. A ganinsa, ranar da aka ƙone Osogun ranar baƙin ciki ce, amma kuma ta nan Allah ya bi ya fito da shi zuwa ga sanin Almasihu, ya kuma tanade shi don wani aiki. Mai karatu na iya yarda da wannan fassara ko ya ƙi, amma ba za a gane mutumin ba sai da ita. Ita ce ta hana shi zama mai ɗaci, ita ce kuma ta sa bai taɓa ɗaukar Saliyo a matsayin ƙarshen tafiya ba. Abin lura ne kuma cewa bai yar da sunan Ajayi ba, bai yar da harshen uwarsa ba. Sabon addinin bai mayar da shi Bature ba, sai ma ya ba shi dalilin komawa ga Yarabanci da idon mai nazari.

A 1826 aka tafi da shi Ingila ya yi 'yan watanni a wata makaranta a unguwar Islington, da ya dawo kuma ya zama ɗalibi na farko da aka rubuta a kwalejin Fourah Bay da aka buɗe a 1827. Ya auri wata baiwar da ita ma aka 'yanto daga jirgin bayi, Asano, wadda ta ɗauki sunan Susan, suka zauna tare kusan shekara hamsin. Ya yi koyarwa a ƙauyukan Saliyo, kuma a can ne wani abu ya faru da ya sauya yadda yake mu'amala da Musulmi. Ya ga laya a wuyan wani ɗalibinsa, sai ya yanke ta ya ce ya mayar gida. Uban yaron ya zo a fusace. Crowther, da zafin ƙuruciya, ya nemi a yi muƙabala gaban dattawan Musulmi, ya je da Littafi Mai Tsarki da fassarar Alƙur'ani ta Turanci, da hujjojinsa a jere. Aka watse ba wanda ya motsa daga inda yake. Daga baya ya rubuta cewa abin da ya koya a ranar shi ne gardama ba ta buɗe zuciya.

Shekarar 1841 ce ta dawo da shi ƙasarsa. Gwamnatin Ingila, bisa shawarar Thomas Fowell Buxton, ta aika jirage uku, Albert da Wilberforce da Soudan, su haura kogin Neja su ƙulla yarjejeniya da sarakuna, a kafa gonar gwaji a mahaɗar Neja da Binuwai, wurin da ya zama Lokoja. Manufar ita ce noma da cinikin halal su kashe cinikin bayi daga tushe. CMS ta sa mutum biyu cikin tafiyar: Crowther da wani Bajamushe, James Frederick Schön, wanda tun daga wannan tafiya ya duƙufa kan Hausa har ya wallafa nahawunta a 1862 da ƙamus a 1876. Zazzaɓin cizon sauro ya hallaka Turawa fiye da arba'in, tafiyar ta watse. Amma rahoton da Crowther ya rubuta ya burge shugabannin ƙungiyar, kuma darasin ya fito fili: in har za a yi aiki a cikin ƙasa, 'yan ƙasa ne za su yi shi. Aka kira shi Landan, aka naɗa shi limamin coci a 1843. A wannan shekarar ya wallafa littafinsa na farko kan nahawu da kalmomin Yarabanci.

A 1845 ya sauka Badagry tare da Henry Townsend da Charles Gollmer, a watan Agustan 1846 kuma shi da Townsend suka shiga Abeokuta, sabon birnin da Egbawa 'yan gudun hijira suka kafa a gindin dutsen Olumo. Bai cika wata guda a can ba aka kawo masa wata tsohuwa. Mahaifiyarsa ce, Afala, bayan shekara ashirin da biyar da rabuwa. Ita ma ta sha bauta da fansa a tsakani, ƙannensa biyu kuma suna raye a wani gari na kusa. A 1848 aka yi mata baftisma da sunan Hannatu, wato sunan mahaifiyar Annabi Sama'ila na Littafi Mai Tsarki, wanda Turawa ke kira Samuel. Ta rayu tare da iyalinsa har zuwa 1883.

Aikin da ya fi daɗewa a bayansa shi ne na harshe. Shi ya jagoranci fassara Littafi Mai Tsarki zuwa Yarabanci, aikin da aka kammala a 1884, kuma shi ya nace a riƙa sa alamomin karin sauti a rubutu, domin kalma ɗaya a Yarabanci tana iya ba da ma'ana uku ko huɗu gwargwadon yadda murya ta hau ko ta sauka. Ba a ɗaki ya tattara kalmominsa ba. Yakan zauna da dattawa da masu duba da 'yan kasuwa da malaman Musulmi, yana sauraron karin magana, yana rubutawa. Saboda haka Yarabancin da ya rubuta ya zama ma'auni, har ga waɗanda ba Kirista ba. Ya kuma fitar da littafin koyon karatu na Ibo a 1857, na Nufanci a 1860, da nahawun Nufanci a 1864.

Akwai wani ɓangare na tarihinsa da ba a cika son tsayawa a kai ba. A 1851 ya je Ingila, ya gana da Lord Palmerston, ya kuma gana da Sarauniya Victoria da mijinta a fadar Windsor, inda ya karanta musu Addu'ar Ubangiji da Yarabanci. Saƙon da ya kai shi ne a ɗauki mataki kan Legas, inda Sarki Kosoko ke ci gaba da sayar da bayi. A ƙarshen shekarar jiragen yaƙin Ingila suka yi wa Legas luguden wuta, aka tuɓe Kosoko aka mayar da Akitoye, bayan shekara goma kuma Ingila ta haɗiye garin. Mutumin da aka taɓa ɗaure wa sarƙa a wannan gaɓar teku yana da dalilinsa, kuma ba shi kaɗai ya jawo harin ba. Duk da haka, ƙofar da aka buɗe a ranar ita ce mulkin mallaka ya shigo ta ciki, kuma shi ma daga baya ya ɗanɗani ɗacinsa.

Ya sake hawa kogi a 1854 tare da Dakta William Baikie a jirgin Pleiad, suka nausa cikin Binuwai, kuma saboda shan kwinin ba a rasa ko mutum ɗaya ba. A 1857 ya kafa tashar mishan a Anacha, ya bar Rabaran John Christopher Taylor, ɗan asalin Ibo daga Saliyo, ya ci gaba da niyyar isa Sakkwato. Jirginsu Dayspring ya daki dutse kusa da Jebba ya nutse. Zaman jiran da ya biyo baya bai tafi a banza ba, domin a nan ya zurfafa a Nufanci, ya kuma ga yadda Hausa ke haɗa fatake daga ko'ina, abin da ya sa ya riƙa matsa wa ma'aikatansa su koye ta.

Sakataren CMS na lokacin, Henry Venn, yana da ra'ayin cewa ikilisiyar Afirka dole ta ciyar da kanta, ta mulki kanta, ta kuma yaɗa kanta, Bature ya gama nasa ya janye. Shi ya dage a naɗa Crowther bishop, duk da adawar wasu Turawan mishan, musamman Townsend, abokin tafiyarsa na Abeokuta, wanda ya ce Bature ba zai yi aiki a ƙarƙashin baƙar fata ba. Crowther da kansa ya yi ta noƙewa kafin ya amince. A ranar 29 ga Yuni, 1864, aka naɗa shi a babban cocin Canterbury, ya zama bishop baƙar fata na farko a ɗarikar Anglika, jami'ar Oxford kuma ta ba shi digirin girmamawa. Cikin mahalarta har da Henry Leeke, kyaftin ɗin jirgin Myrmidon da ya tsamo shi shekara arba'in da biyu da suka wuce. Amma an yi wa naɗin dabara: yankinsa shi ne ƙasashen da ke wajen mulkin Sarauniya, Turawan Legas da Abeokuta kuma ba a sa su ƙarƙashinsa ba.

Aikin kogin Neja kusan duka 'yan Afirka ne suka riƙe shi, da kuɗi kaɗan, ba jirgin kansu sai a 1878. An buɗe tashoshi a Lokoja da Bonny da Brass da wasu wurare. A 1867 wani basarake a yankin Idah ya tsare bishop ɗin da ɗansa Dandeson yana neman fansa, kuma a wajen kuɓutar da su ne kibiya mai dafi ta kashe mataimakin ƙaramin jakadan Ingila, William Fell. A Bonny an tsananta wa bayin da suka karɓi Kiristanci, har aka kashe Joshua Hart a 1875.

A ƙasar Nufe kuwa wata irin dangantaka ya gina. Ya yi ta ziyartar Etsu Masaba a Bida, yana kai masa gaisuwa irin ta fada, ya ba shi kyautar Littafi Mai Tsarki na Larabci, bai kuma taɓa kafa tasha ba sai da iznin sarki. Magajin Masaba, Umaru Majigi, shi ya ba da wuri a Kipo, daura da Egga. A 1872, a fadar Sarkin Ilorin, malamai suka yi masa tambayoyi kan Annabi Isa da dawowarsa. Bai kawo hujjar kansa ba, bai taɓa Alƙur'ani da suka ba. Ya buɗe Linjila ta Yarabanci ya karanta inda Mala'ika Jibrilu ya zo wa Maryamu, wato ya fara daga abin da ɓangarorin biyu suka sani, aka rabu cikin mutunci. Bai ɓoye cewa yana fatan su karɓi addininsa ba, su ma ba su ɓoye cewa ba za su karɓa ba, kuma waɗanda ya samu a ƙasar Musulmi 'yan kaɗan ne. Amma amana ta kai matsayin da Etsu Maliki, da barasar Turawa ta fara lalata masa jama'a, ya aika wasiƙa da Hausa yana neman Crowther ya kai kukansa ga Sarauniyar Ingila a hana shigo da ita. Yaron da mayaƙa Musulmi suka ɗaure a Osogun shi ne sarkin Musulmi ya zaɓa ya zama bakinsa.

Ƙarshen rayuwarsa bai yi daɗi ba. Venn ya rasu a 1873, matarsa Susan a 1880. Kamfanin George Goldie ya kori ƙananan 'yan kasuwar Saliyo daga kogin, ya samu izinin sarauta a 1886, taron Berlin kuma ya riga ya raba nahiyar. Ra'ayin cewa baƙar fata bai isa shugabanci ba ya yi ƙarfi a Turai. A gaskiya akwai ɓaraka a cikin mishan ɗin. Wasu ma'aikata sun shiga kasuwanci, wasu sun yi abin kunya, har an samu waɗanda suka yi wa wata yarinya dukan da ya kashe ta a Anacha. Bishop ɗin yana zaune a Legas, yana zuwa ne in ruwa ya kawo, kuma mutum ne mai sanyin hali da ba ya son korar kowa sai da tabbatacciyar shaida. Wannan rauni ne, amma maganin da aka kawo ya fi cutar muni.

A 1890 wasu matasan Turawa suka iso, cikinsu har da Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, waɗanda suka zauna a Lokoja suna sa riga da rawani suna koyon Hausa da burin shiga ƙasar Hausa, da kuma F. N. Eden, wanda aka ba sakatarcin mishan ɗin. A taron kwamitin kuɗi da aka yi a Anacha a watan Agusta, suka tuhumi limaman da bishop ɗin ya naɗa da hannunsa, suka dakatar da su a gabansa, har da ɗansa Dandeson. Tsoho mai shekara sama da tamanin, wanda ya fara hawa kogin tun ba a haifi ko ɗaya daga cikinsu ba, ya ajiye shugabancin kwamitin ya fita. Bai bar cocin ba, bai kuma zagi ƙungiyar da ta raine shi ba. Ya koma yana shirya yadda ikilisiyoyin yankin Neja Delta za su tsaya da ƙafarsu. Shanyewar jiki ta kama shi a 1891, ya rasu a Legas a ranar 31 ga Disamba na shekarar.

Robinson ya riga shi rasuwa da 'yan watanni, Brooke kuma ya bi bayansa a farkon 1892, dukansu a Lokoja, ba tare da sun kai ƙasar Hausa ba. Don tunawa da Robinson aka kafa wata ƙungiyar nazarin Hausa a Ingila, wadda ta aiko ɗan'uwansa Charles Henry Robinson zuwa Kano, shi ne kuma ya rubuta ƙamusun Hausa da aka daɗe ana amfani da shi. Ikilisiyoyin Delta sun ayyana cin gashin kansu a 1892 a ƙarƙashin Dandeson. Kujerar bishop kuwa Bature aka ba, kuma sai bayan shekara kusan sittin aka sake damƙa wa ɗan Afirka cikakken yanki a cocin Anglika na ƙasar nan.

Jikansa ta wajen 'yarsa Abigail shi ne Herbert Macaulay, wanda aka haifa a shekarar da aka naɗa kakansa bishop, ya zama jigon gwagwarmayar neman 'yanci, ya kuma kamu da ciwon ajali a Kano a 1946 yana rangadin jam'iyyar NCNC. A 1971, da gwamnatin Legas ta tashi maƙabartar Ajele, aka mayar da ƙasusuwan Crowther harabar babban cocin Christ Church da ke Marina. A 2014, wajen bikin cika shekara 150 da naɗinsa, Archbishop na Canterbury, Justin Welby, ya tsaya a cocin da aka naɗa shi ya amsa cewa cocin Ingila ta zalunce shi, ya nemi gafara.